Faifan Yaya Mutari

Ranar da na shiga Kasuwar Kurmi ta Kano, ƙafata ta hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi ta, ga ƙunshin jajayen fatu a kai, ga takarda guda a aljihun taguwa. Takardar nan ita ce kaɗai abin da ya rage mani na yayana, Malam Mutari, wanda ya shekara bakwai rabonsa da garinmu Matameye.

Ni baduku ne, sunana Isuhu. Yaya Mutari shi ya yi karatu, shi ke rubuta littattafai da hannu, ni ke ɗinka masu gafaka, wato jakar fatar da ake adana su ciki. Da Faransa ta fara kwasar mutane aikin hanyar Damagaram, gardi, wato dogarinsu, bai tambayi wa ke riƙe alƙalami wa ke riƙe fartanya ba. Yaya ya yi wata biyu yana ɗaukar dutse, ya dawo yatsunsa ba su iya kama alƙalami. Da aka sake kiran sunansa sai ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ko Inna bai yi wa sallama ba, don kada ta yi kuka maƙwabta su ji. Tun daga ranar Inna ke duban hanya har idanunta suka mutu. Da ta tabbata gani ya wuce ta, sai ta sauya roƙo. Ta ce, “Isuhu, ganinsa kam na haƙura. Je ka zo mani da shi in ji muryarsa ko sau ɗaya, sannan in tafi.” Abin da ya fitar da ni ke nan, ba neman arziki ba.

Layin masu littattafai yana can ciki, bayan ’yan turare. Rumfuna ne ƙanana, kowace da tsoho zaune kan buzu, littattafai jibge a gefensa, wasu cikin gafaka, wasu tsirara an ɗaure su da igiyar fata. Wurin yana warin tsohuwar takarda da tawada da kashin ɓera. Karatuna bai wuce abin salla ba, amma hannun Yaya na san shi kamar yadda na san fuskarsa. Yana jan wutsiyar harafi ta yi tsawo ta lanƙwashe, kuma jar tawadarsa ba ta cika ja ba, don da kansa yake haɗa ta. Sai in tsuguna in gaida mai rumfa, in fito da takardata in ce, “Malam, ko ka taɓa ganin wannan hannu?” Wani ya duba ya girgiza kai, wani ko ido ba ya ɗagawa. Wani ma cewa ya yi, “Wannan rubutun ’yan Faransa ne, ba ma sayensa.” Na ce a raina, to, Faransa ta ci mu da yaƙi, yanzu kuma har rubutunmu ta gada.

A rana ta uku wani mai farin rawani da zaƙin baki ya tare ni, ya ce shi dillali ne, sunansa Tanko. Ya karɓi takardar ya duba, ya tambayi sunan mai rubutun da ƙasarsa, na faɗa, ya dafa ƙirji. “Allahu akbar! Malam Mutari na Damagaram? Ai jiya ma sahu ɗaya muka yi la’asar. Yana Fagge, sai dai ba ya son a san inda yake, ka san halin wanda ya gudo.” Nan take na ji ƙafar ma ta bar ciwo. Ya ce in ba shi fatun ya kai masa, su zama shaida cewa ɗan’uwansa ne ya zo da gaske, ni kuwa in jira a gindin wani durumi. Na jira. A nan na yi azahar, na yi la’asar, na yi magariba. Kwana biyu ina komawa gindin durumin nan kamar a nan aka binne cibiyata. Fatun su ne guzurina duka. An ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa na haɗa da wauta. Amma abin da ya fi ƙona mani rai ba fatun ba ne. Cewa da ya yi jiya sun yi salla tare, har na zauna ina shirya kalmar da zan fara gaya wa Yaya.

Wanda ya tsamo ni wani tsoho ne mai ido ɗaya a ƙarshen layi, Malam Sambo. Na zauna a inuwar rumfarsa don yunwa, na ga wata gafaka ɗinkinta ya kwance, hannuna kuwa ba ya iya ganin haka ya ƙyale. Na zaro basilla na kama gyara ba wanda ya sa ni. Da na buɗe don in daidaita baki, sai ga wutsiyar harafin nan, ga jar tawadar da ba ta cika ja ba.

Malam Sambo ya ce, “Na san shi. Shekara uku yana rubuta mani. Mutum ne marar magana, sai in ya duƙa rubutu ka ji yana rera abin da yake rubutawa, har maƙwabtan rumfa su yi tsit.” Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani littafi mai kauri, an ɗinke bayansa, baƙaƙensa ƙanana a jere. “Ga abin da ya kore shi. Bugun Masar. Abin da yayanka zai yi wata huɗu yana rubutawa, jirgi ya kawo shi cike da akwati, kowane kamar ɗan’uwansa. Ya ji an ce a Ikko har yanzu ana son rubutun hannu, ya bi wasu fataken goro.”

Da ya ji labarin Inna, ya tura mani littafin Yaya, ya ce in kai wa tsohuwa. Na ce, “Malam, na gode, amma me makauniya za ta yi da rubutu?” Sai ya aika aka sayo mani fura. Wata biyu na yi ina ɗinka masa gafakoki, ina kwana a zauren gidansa, har na sami abin shiga jirgi. Bai taɓa tambayata sunan ubana ba, kuma ban taɓa zama da yunwa a gabansa ba.

Jirgin ƙasa ba ni da abin faɗa a kansa sai hayaƙi da ƙishirwa. Tun daga Zungeru gero ya ɓace daga gonaki, itatuwa suka yi ta tsawo suna haɗe kai har sama ta koma ’yar tsaga. Da muka ƙetare babban kogi a Jabba, na duba fuskokin da ke kewaye da ni, ba wanda zan ce wa sannu ya amsa da yauwa.

Ikko gari ne da ruwa ke sauka daga sama, yana tsattsafowa daga ƙasa, yana kuma kewaye da kai. Kwana uku basillata ta yi tsatsa. Abinci doya da manja, yau da gobe da jibi, har cikina ya ɗauki fushi da ni. Duk ranar da na ƙirga na ga kasuwarmu ke ci, sai in tuna matan ƙauyen Icirnawa da ƙoren nono a kai. Ban ɓoye ba, na yi kuka a garin nan ba sau ɗaya ba, ruwan sama ya rufa mani asiri.

Kantunan littattafai na Ikko ba irin rumfunan Kurmi ba ne. Littattafan a tsaye suke cikin akwatunan gilashi, ba mai buƙatar gafaka, wato ni da sana’ata ba mu da wurin zama. Na farkon da na shiga, na tuɓe takalmi a ƙofa don girmama karatu, akawun ya yi ta dariya har ya kira na ciki su zo kallo. Na miƙa masa takardata, ya riƙe ta a kife, ya mayar mani da yatsa biyu. Na shiga na biyu, na shiga na uku. A wani aka nuna mani littafi mai hoton jirgin ruwa, a wani aka kore ni don laka da na shigo da ita. Na bi titi na sake bin wani, duk inda na hangi takarda ta taga sai na leƙa, har masu gadi suka san ni suna ce mani wani suna da ban san ma’anarsa ba, amma na san ba yabo ba ne.

Sai a mako na uku na faɗa wani ɗan shago kusa da masallaci, na wani malami Bayarabe mai sayar da bugun Masar da tazbaha. Ruwa ne ya koro ni ciki. Ya matsa mani a benci, ya dubi takardar ya daɗe, ya ce da ’yar Hausarsa, “Malam mai waƙa. Je zango, tambayi Dije mai tuwo.” Ya cire malafarsa ya ɗora mani a kai, ya tura ni cikin ruwan.

Gwaggo Dije ’yar Daura ce, dattijuwa mai ƙiba, tana tuƙa tuwon dawa a wata rumfar kwano a zangon Hausawa. Ban ko gama sallama ba ta saki muciya. “Kai ƙanen Mutari ne. Goshinku ɗaya.” Na ce, “Gwaggo, yana ina?” Ta zuba tuwo da miyar kuka, irin wanda rabona da shi tun Kano, ta ajiye a gabana ta ce, “Ci tukuna, ɗana.” Duk wanda aka ce wa ci tukuna ya san abin da ke biye. Na kai loma ɗaya na tsame hannu.

Ta ce, “Damina guda ka makara. Tari ne ya kama shi, irin na garin nan, na masu kwana kan danshi. Rubutu ya daɗe da barinsa, takarda ruɓewa take a nan, masu saye kuma babu. Sai ya koma yin begen Annabi a bakin kasuwa, wanda ya ji daɗi ya ba shi abin da ya samu. Kullum nan yake cin tuwo, kullum sai ya ce in Allah ya kai mu rani zai koma gida ya ga Inna. Rani huɗu na ji yana faɗa.”

Ta kai ni maƙabarta. Rairayi ne da ciyawa, ruwa ya baje komai. Ta nuna da hannu daga wata bishiyar kwakwa zuwa wata ta ce, “Tsakanin nan dai yake.” Na tsuguna a tsakiya na yi addu’a, ban san ko a kansa nake ba ko a kan wani bawan Allah. Gaskiya a ranar na yi niyyar in ɓace ni ma, in bar Inna da sa rai, don sa rai ya fi abin da zan kai mata.

A hanyar komawa Gwaggo Dije ta ce, “Amma fa muryarsa tana nan cikin gari.” Na dube ta, na ɗauka tsufa ne. Ta ce a’a. Wata uku kafin ya kwanta, wani Bature da akawunsa sun zo zango suna neman mawaƙa, suka kai su wani soro, aka sa kowa ya yi waƙa a bakin wani ƙaho. Daga baya muryoyin suka dawo a jirgin ruwa cikin baƙaƙen faya-fayai, ana sa su a akwatin da ake kira garmaho, su yi magana. Ita da kunnenta ta taɓa jin Mutari yana fitowa daga wani kanti, har ta zubar da cefanenta.

“Wane kanti, Gwaggo?”

“Wa ya sani, ɗana? Gudu na yi.”

Haka na koma bin kantuna, wannan karon da kunne. Masu faifai suna jere a titin da ke gangarawa bakin ruwa, yawancinsu Kwarori ne, Larabawan Sham. Kowane faifai yana cikin rigar takarda, da rubutun boko a cibiyarsa, ni kuwa boko ko alif ɗinsa ban sani ba. In na ce a sa mani na Hausa in ji, sai a ce allura tana cinyewa, mai saye kaɗai ake sa wa. To me zan saya ban ji ba? Sai na koma tsayuwa a waje tare da ’yan kallo, don sukan wana akwatin su jawo masu wucewa. Na ji gangunan Yarabawa, na ji matan Masar suna kuka da sunan waƙa, na ji ƙahonin Turawa masu kama da jakuna sun ga hadari. Sau biyu na ji Hausa na kutsa da gudu, sai in tarar wani mai goge ne yana yabon wani attajiri. Da safe in yi gyaran takalma a zango, da rana in tsaya ƙofar kanti. Wata guda da kwanaki ina wannan, har na fara shakkar ko zan gane muryar in na ji ta. Wannan tunani ya fi yunwa cin raina.

Wata rana a wani ƙaramin kanti na ga tsohon Kwara yana fama da akwatin garmaho, hannun fatar da ake ɗaukarsa da shi ya tsinke. Na nuna masa basilla. Ya miƙo. Na yi masa ɗinki biyu a jere, irin wanda jikansa ma zai gada. Ya ja ya ja bai motsa ba, ya tambayi ladana. Na ce ba na son komai, faya-fayan Hausa da ke kantin kawai zai sa mani, ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya jawo wani ɗan tari daga ƙarƙashin tebur, duk ƙura.

Na farko mai kalangu ne. Na biyu wasu mata ne. Na uku da na huɗu ban ma tuna ba. Ya ɗora na biyar, allura ta yi ’yar ƙara kamar ana soya gyaɗa a nesa, sai na ji an yi gyaran murya. Gyaran muryar kawai. Tun kafin a furta kalma na miƙe tsaye na ce, “Yaya!” Na yi sallama ga akwati, ni da gemuna, a gaban mutane. ’Yan kallo suka fashe da dariya, ban ji haushinsu ba, don ban ma san suna nan ba. Shi ne. Muryar ta ƙanƙance kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma shi ne, da yadda yake jan numfashi kafin ya ɗaga. Ya yi begen da ya tsara da kansa, sannan ya shiga roƙa wa garuruwan ƙasarmu ruwa da lafiya, ya kira Kance, ya kira Yauri, ya kira Matameye. Ya fara roƙa wa mahaifa ke nan sai faifan ya ƙare, allura ta ci gaba da ƙararta.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya sake wanawa ya sa mani sau ɗaya, sannan ya mayar da faifan rigarsa ya miƙo mani da hannu biyu. Ya ce, “Kamar ƙwai. Ka ji? Kamar ƙwai.” Na san akwai wani attajiri Balaraben Tarabulus a Damagaram da ake cewa yana da akwatin waƙa. Na ƙudurta zan ɗora Inna a jaki in kai ta ƙofarsa, in durƙusa har sai ya sa mata.

Daga nan ne na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Na dubi rigar takardar nan na raina ta. Ni baduku, in ɗauki abu mafi tsada a duniya cikin takarda, in bi da shi jirgi da daji? Na je mahauta na samo ɗanyar fatar saniya, na naɗe faifan da tsumma, na ɗinke shi ciki tsam, ɗinkin da ko ruwa ba zai shiga ba. Na san halin ɗanyar fata sarai. Da ita muke ɗaure ƙotar gatari, don in ta bushe tana matsewa har itace ya yi ƙara. Ƙarfin nan nata ne ya sa na zaɓe ta. A danshin Ikko kuwa ta zauna da laushinta lafiya lau, har Gwaggo Dije ta yaba aikin. Ko sau ɗaya bai zo mani ba cewa abin da ke matse gatari zai matse faifai.

Na sauka jirgi a Kano rani ya tsaya. Na kama hanyar Daura a ƙasa, ƙunshin rataye a ƙirjina, rana tana dukansa tun hantsi har la’asar. Bayan Kazaure, ina tafe ni kaɗai, na ji ƙas, ’yar ƙara kaɗan. Na duba ƙasa na ce kara na taka. Na san ba kara ba ne. Fatar ta yi tauri kamar ƙaho, ta ɗan lanƙwashe a gefe. Ban buɗe ba. Na yi kwana biyar ina tafiya da abin a ƙirji, ina gaya wa kaina ƙarya, na ratsa ta gonaki don kada in haɗu da gardi a kan iyaka.

Na iske Inna a kan tabarma bakin ɗakinta, ta rame har ban so in dube ta ba. Ban yi magana ba ta ce, “Sawun mutum ɗaya nake ji.” Na durƙusa na gaya mata komai, tari da rairayi da kwakwa. Ta yi salati. Sannan na ce na zo mata da muryarsa. Na jiƙa fatar, na sa wuƙa na farke ɗinkina da hannuna. Faifan ya fito gida uku, da ɓarɓashi a cikin tsumman. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ta ce in ba ta. Ta bi gutsuren da yatsa, ta ji ’yan layukan nan sirara. “Wannan rubutunsa ne?”

“Muryarsa ce, Inna. A cikin layukan take. Amma na fasa, ba mai iya fito da ita kuma.”

Ta ce a kawo mata ƙoƙo da ruwa. Ta wanke gutsuren ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ciki da baya, yadda ake wanke allo in malam ya yi rubutun sha. Ta yi bisimilla ta shanye. Ba wanda ya hana ta. Ta zauna tana jira, mu ma muna jira, ba abin da ake ji sai kaji a bayan ɗaki.

Can ta ce, “Kai ai ka ji shi. Yi mani yadda ya yi.”

Na yi gyaran murya, na fara. Ban kai baiti na biyu ba ta ɗaga hannu. “Bari, Isuhu. Ba haka yake ɗagawa ba.” Ta juya fuska wajen bango.

Washegari da hantsi ina ɗinki a zaure, ta aiko a kira ni, ta ce in sake yi mata. Wata biyar ta ƙara a duniya, kullum sai ta sa na yi, kuma ba ranar da ta bar ni na kai ƙarshe.